Allura a Gefen Cibiya: Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Yi wa Kaina Allurar Neman Haihuwa

Masu saurare da kunne, da ku da kuke jira a buga muku shirin a rubuce saboda data ta yi tsada, duk ina gaishe ku.

Yau babu baƙo, ni kaɗai ce, kuma maganar da zan yi na daɗe ina kewaye mata. Abin da ya sa na daina kewaye-kewaye shi ne wani saƙo da ya shigo min satin da ya wuce. Mai saƙon ta roƙi kada in ambaci sunanta ko garinsu, kuma ba zan ambata ba. Ta ce shekararta biyar da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sun yi adashe, sun sayar da fili, sun shiga shirin dashen ƙwai, wannan da ake ce wa IVF. Ita a zatonta komai a asibiti za a yi mata. Sai ga shi an miƙo mata kula cike da magani da sirinji, an ce ta tafi gida ta riƙa yi wa kanta allura kullum da daddare. Ita kuwa ko allurar maleriya sai an riƙe ta. Ga shi a gidan yawa take, firij ɗaya ne tal, shi ma a falon surukarta yake. Ƙarshen saƙon ta ce, "Anti, don Allah ya zan yi?"

To ƙanwata, ni ma an taɓa miƙo min irin wannan kular. Tawa shuɗiya ce, har yanzu tana nan a saman durowa. Ban taɓa faɗa a shirin nan ba, yau kin sa na faɗa. Ni ba likita ba ce, ba nas ba, don haka duk abin da za ki ji daga bakina, in ya saɓa da abin da asibitinki suka rubuta miki, nasu za ki bi. Ni labarin hanya kawai zan ba ki, tunda na riga ki bin ta.

Bari in fara da tambayar da ni ma na yi wa likita: me ya sa sai allura, kuma me ya sa kullum? A kowane wata jikin mace yakan tayar da 'yan jakunkuna da yawa a cikin gidan ƙwai, kowace da ƙwai ɗaya a ciki. Amma ɗaya ce takan girma har ta saki ƙwanta, sauran su lalace. Abin da yake ciyar da su wani sinadari ne da ake kira FSH, yana fitowa daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. To a IVF ƙwai ɗaya ya yi kaɗan. Ba kowane ƙwai ne yake nuna ba, ba kowane nunanne ne yake haɗuwa da maniyyi ba, ba kuma duk wanda ya haɗu ne yake zama ɗan tayi mai kyau ba. Kin ga a kowace gaɓa ana zubewa. Shi ya sa ake ƙara wa jiki FSH daga waje, don waɗancan jakunkunan da suka saba lalacewa su ma su girma tare. Ba a yin sa a ƙwayar magani, don ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, daidai dalilin da ya sa masu ciwon suga suke yi wa kansu allurar insulin maimakon su haɗiye ta. Yawanci ana farawa rana ta biyu ko ta uku ta al'ada, a ɗauki kwana takwas zuwa sha huɗu. Ni kwana goma sha ɗaya na yi.

Wani abin mamaki, yarinyar farko da aka haifa ta wannan hanya, Louise Brown, wadda aka haifa ranar 25 ga Yuli, 1978 a garin Oldham na Ingila, mahaifiyarta ba ta sha wannan ruwan allurar ba. Ƙwai ɗaya tak da jikinta ya nunar da kansa aka ɗauka, Allah Ya sa aka dace. Daga baya aka ga cewa in an samu ƙwai da yawa an fi dacewa, shi ne allurar ta zama ruwan dare. Shi kansa maganin tarihinsa abin dariya ne. Na farkonsa, mai suna Pergonal, wani kamfani ne a Italiya ya tace shi daga fitsarin tsofaffin matan coci, sistocin nan da ba sa aure. Dalili kuwa, macen da ta daina al'ada jikinta yana fitar da wannan sinadarin da yawa, kuma su an tabbata babu mai juna biyu a cikinsu da za ta gurɓata shi. Har yau Menopur daga fitsarin matan da suka daina al'ada ake tace shi, Gonal-f kuma a ɗakin gwaje-gwaje ake haɗa shi. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi tagumi. In abin ya tsaya miki a rai ta fuskar addini, tambayi likitanki wanne aka ba ki, ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa. Shi dashen kansa dai tun 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccinsa, muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan.

Yanzu daren farko. Ƙarfe tara na dare muka tsayar, saboda an yi Isha'i, baƙi sun watse. Na wanke hannu da sabulu, na shimfiɗa tawul mai tsabta a kan gado, na jera kaya. Na zauna minti arba'in da allura a hannu. Wallahi minti arba'in. In kai ta kusa da fata, in janye. Na yi Bismillah ta fi ashirin. Maigidan yana bakin ƙofa yana cewa, "Madam, ko dai mu kira Sista?" Na ce masa ya yi min shiru. Da na soka, kin san me? Ban ji ba. Na tsaya ina duba ko ta shiga. Wannan allurar ba irin ta maleriya ba ce da ake cakawa a ɗuwawu. Tsininta siriri ne, gajere, ƙarƙashin fata kawai take tsayawa, cikin kitse. Cizon cinnaka ya fi ta zafi.

Ga yadda Sista ta koya min, kuma ke ma ki sa a koya miki ido da ido, kada ki dogara da YouTube ko da ni. Ki fito da maganin daga firij kamar minti ashirin kafin lokaci, don mai sanyi ya fi raɗaɗi. Ki karanta sunan maganin, da adadin da aka rubuta miki na ranar, da ranar lalacewarsa. Kullum fa, ba ranar farko kawai ba, don bayan kowane sikanin likita zai iya ƙarawa ko ragewa. Wurin allurar shi ne ciki, ki bar tazarar kamar yatsa uku daga cibiya, ko kuma gaban cinya. Ki goge da audugar sifirit, ki bari ta bushe, in ba ta bushe ba ita ce take sa zugi. Ki tsunkulo fatar da yatsu biyu, ki soka da sauri, ki tura maganin a hankali. In irin mai kama da biro ce, wadda ake murɗawa a saita lamba, kada ki zare da wuri: ki ci gaba da dannawa har lambar ta koma sifili, ki ƙirga aƙalla biyar a hankali, sannan ki zare. Ki danna auduga, kada ki murza. Yau dama, gobe hagu. Sabon tsini kowane lokaci.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta gari da ruwa, wadda ke za ki haɗa da kanki. Akwai babban tsini na jan ruwa da haɗawa, akwai ƙarami na sokawa. Kada ki kuskura ki soki kanki da babban, ni ganinsa kawai ya sa na kusa fasa IVF ɗin gaba ɗaya kafin a ce min ba na jiki ba ne. In kwalbar ruwan irin wadda ake karya wa wuya ce, ki naɗe ta da tishu kafin ki karya, ni na yanke babban yatsa a dare na biyu. In kin zuba ruwan a garin kada ki girgiza, juya kwalbar za ki yi a hankali har ya narke ya zama garau. Ki ɗaga sirinjin sama, ki ɗan ƙwanƙwasa, iskar ta hau, ki fitar. 'Yar ƙaramar kumfa da ta rage ba ta kashe mutum a allurar ƙarƙashin fata, wannan tsoron na finafinai ne. Menopur yana da ɗan zugi, gaskiya. Wajen kwana na biyar ko na shida kuma za a iya ƙara miki ta biyu, irin su Cetrotide ko Orgalutran, wadda aikinta ta hana ƙwan fita kafin a shirya ɗaukarsa. Ita takan sa wurin ya yi ja ya yi ƙaiƙayi na ɗan lokaci, sai ya wuce.

Kin ga maganar allurar kenan, ta ƙare. Kwana uku kin saba. Abin da ya wahalar da ni a kwanakin nan ba tsini ba ne, firij ne, da agogo, da mutane.

Firij tukuna. Yawancin magungunan nan ana son su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada su daskare. Wanda ya daskare ya tashi aiki, ko ya narke daga baya. Wasu takardar cikin kwalinsu za ta ce za a iya ajiyewa a ɗaki in zafin bai wuce digiri 25 ba. To mu da muke Kano a watan Afrilu, inda rana take kai digiri 40, wane ɗaki ne 25? Wanda ya rubuta takardar nan ba ɗakinmu yake nufi ba. A kwana na huɗu taransifomar unguwarmu ta lalace. Maganin da ke cikin firij ɗin nan ya fi kuɗin firij ɗin, ya fi kuɗin janaretan, in aka haɗa da kujerun falon ma ya fi su. Daren nan muka kwana muna tashi muna zuba wa janareta mai. Da safe muka sayo ƙanƙara, na naɗe kwalayen da tawul, na sa a kula yadda ba za su taɓa ƙanƙarar kai tsaye ba. Wata ƙawata ta ce in sa a randa, irin tukunya cikin tukunya da ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Dabara ce mai kyau ga tumatir da alayyahu, amma sanyinta ba ya kai na firij, kada ki dogara da ita a wannan maganin.

Abin da ya kamata in yi tun farko, wanda sai a kwana na biyar na yi, shi ne in mayar wa asibiti maganin su ajiye, su riƙa ba ni na kwana uku ko huɗu. Ai dama kina zuwa sikanin duk bayan 'yan kwanaki, to ki riƙa karɓa a lokacin. Ki tambaye su ƙarara: wanne ne dole sai firij, wanne ne zai jure? Ki rubuta amsar. A cikin firij kuma tsakiya za ki sa, ba jikin ƙofa ba inda ake buɗewa ana rufewa, ba kusa da gidan ƙanƙara ba.

Ke kuma matsalarki firij ɗin na falon suruka ne. Na san dabarar da kike tunani: roba mai murfi, a ƙulle a baƙar leda, a tura can ciki. Zai yi aiki har ranar da wata za ta zo sa zoɓo ko kunun aya, wuri ya yi mata kaɗan, ta ɗauki ledar nan ta cusa a gidan ƙanƙara. Ba da mugunta ba, ba ta sani ba ne. Shi ya sa ra'ayina, kuma ra'ayina ne kawai, sirrinki haƙƙinki ne, ba dole dangi su sani ba, amma mutum ɗaya a gidan nan dole ya san cewa wannan ledar ba a taɓa ta.

Ni ban zaɓi wanda zai sani ba, abin ne ya zaɓa min. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta kawo mana ziyara, ta buɗe firij za ta sa fura, ta ga kwalaye. Ta ce, "'Yar nan, wannan maganin waye?" Na shirya ƙarya tun tuni, zan ce na wata maƙwabciya ne mai ciwon suga. Bakina ya ƙi. Na durƙusa na ce, "Hajiya, nawa ne, na neman haihuwa ne." Ta yi shiru har na fara da-na-sani. Sai ta ce, "Shi ɗin an duba shi?" Na ce an duba. Ba ta ƙara cewa komai ba. Washegari ta aiko ƙanin maigidan da jarkar fetur. Ba na cewa kowace suruka haka take, na san waɗanda da sun ji za su fara nema wa ɗansu mata a ranar. Ke kika san taki. Amma shekara shida ina tsoron matar nan a kan abin da ban taɓa gwada ta a kai ba.

Tambayar Hajiya ta kawo ni kan maza, kuma na san kuna saurare, kuna dai yin kamar ba ku ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Mutum aka ce, ba mace ba. Mu a namu, ni hanyar ƙwaina ɗaya a toshe take, shi kuma maniyyinsa ya yi ƙaranci. Shekara biyu ina lallaɓa shi kafin ya yarda a gwada shi, alhali gwajin namiji shi ne mafi sauƙi, mafi arha. Amma ko matsalar daga namiji take ɗari bisa ɗari, cikin matar ne yake shan allura. To malam, in kai ba za a soke ka ba, aƙalla ka zauna a ɗakin. Ka riƙe agogo, ka karanta lambar, ka haɗa garin da ruwan, ka tashi ka duba firij. Biyan kuɗin asibiti ba shi ne ƙarshen aikinka ba.

Sai agogo. Allurar kullum ana son ta a kusan lokaci ɗaya, don haka ki zaɓi lokacin da kika san kina gida, ki sa ƙararrawa a wayarki da ta mijinki. In kin manta ko kin yi kuskuren adadi, kada ki ninka washegari, ki kira asibiti. Amma akwai guda ɗaya da ba ta da "kusan". Ita ce ta ƙarshe, ta nunar da ƙwai, irin su Ovitrelle ko Pregnyl. Idan sikanin ya nuna manyan jakunkunan sun kai wajen milimita 18, za a ba ki lokaci da minti, don ana ɗaukar ƙwan ne awa 34 zuwa 36 bayanta. In kin yi ta a makare, ranar ɗauka ƙwan bai gama nuna ba. In kin yi ta da wuri, ƙwan zai iya fita da kansa kafin likita ya kai gare shi, duk allurar kwana goman ta tafi a banza.

Ni aka ce min Litinin ƙarfe goma da rabi na dare, za a ɗauka Laraba tara da rabi na safe. Litinin ɗin nan kuma ita ce ranar dinar bikin ƙanwar maigidan. Ban isa in ce ba zan je ba. Na sa anko, na ɗaura gwaggwaro, kula tana but ɗin mota. Goma da kwata na yi wa maigidan ido, muka sulale ana tsaka da liƙi. A kujerar baya na yi ta, shi yana haska min da fitilar waya, hannunsa ya fi nawa rawa, ni ina kokawa da zanen leshi. Muka koma ciki, wata gwaggo ta ce, "Ina kuka shige ku kamar sababbin aure?" Muka yi dariya. In ya zamana kin kuskure lokacin wannan allurar, ko da rabin awa ne, kada kunya ta sa ki ɓoye. Ki kira su a daren, ki faɗi ainihin lokacin da kika yi, su suka san yadda za su gyara lokacin ɗaukar.

Bayan an ɗauki ƙwai za a sa ki kan wani sinadarin, furojestaron, wanda yake shirya mahaifa ta riƙe ɗan tayi. Wasu na matsi ake ba su, irin su Cyclogest, wasu allura. In allurar mai ce, to wannan kam ta tsoka ce, tsininta dogo, maganin kuma kauri gare shi. Ita ba na ba ki shawarar ki yi wa kanki. A ɗuwawu ake yi, ɓangaren sama ta waje, saboda akwai babbar jijiya da ta bi ta tsakiya ta sauka ƙafa, kuma duk mun san wani a unguwa da aka ce allura ta shanye masa ƙafa. Sista ta zana wa maigidan da'ira da biro a wurin, kullum ya riƙa sabunta zanen. Ki ɗumama kwalbar a tafin hannu kafin a ja, bayan an yi ki ɗan taka, ki gasa wurin da tawul mai ɗumi, in ba haka ba ƙulli yake yi. In mijinki ba zai iya ba, ki nemi nas ta gaske, ba yaron kemis ba.

Jikinki zai canza. Ciki zai kumbura har siket ya ƙi shiga, nono zai yi ciwo, kai zai yi ciwo, cikin zai yi tabo-tabo. Ga kuka ba dalili. Ni na yi kuka saboda an kawo min burodin da ba shi na ce ba. Duk wannan an saba gani. Ki rage aikin ƙarfi, ba daka, ba ɗaukar jarkar ruwa, ba tsalle-tsalle, don gidan ƙwan ya yi girma ya yi nauyi, zai iya murɗewa. Amma akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu. Wani lokaci gidan ƙwai yana wuce gona da iri wajen amsa maganin, ruwa ya riƙa taruwa a ciki, likitoci suna ce masa OHSS. Ya fi kama masu ƙarancin shekaru da masu PCOS, kuma yawanci bayan allurar ƙarshe yake tasowa. In ciki ya kumbura ya yi tauri da ciwo mai tsanani, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu sosai, ko nauyinki yana hawa kamar kilo ɗaya a rana, ko numfashi yana yi miki wahala, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, asibiti za ki tafi a lokacin. Ba jiƙo, ba "bari mu ga safe". Kuma ki gaya wa duk likitan da kika tarar cewa kina kan maganin IVF.

Wannan ne ma ya sa nake jin tsoro in na ji mata a guruf-guruf na WhatsApp suna tura wa juna sunan allura, wai wance ta yi ta samu 'yan biyu, ki je kemis ki saya. Don Allah a daina. Abin da ya sa allurar gida take da aminci shi ne akwai likitan da yake leƙa cikin nan da sikanin duk bayan kwana biyu ko uku, yana ƙirga jakunkunan, yana gyara adadin. In babu wannan, tuƙi kike yi ido a rufe. Kuma maganin da ba ki san inda ya kwana ba, ko ya yi sati a rana, ko na jabu ne, kuɗinki kika zubar. Masu neman haihuwa su ne abincin 'yan damfara. A 2024 sashen binciken BBC Africa Eye ya bankaɗo wasu wurare a jihar Anambra da ake yi wa mata allurai cikinsu ya kumbura, a ce musu ciki ne wanda sikanin ba ya gani, a ƙarshe a miƙo musu jaririn wata. Duk wanda ya ce miki kada ki je a yi miki hoto a wani asibitin, ki gudu.

Abu biyu a gurguje. Masu tambayar azumi: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce allurar magani ta fata ko ta tsoka ba ta karya azumi, in ba ta abinci ba ce. Amma maganar ko jikinki zai iya azumin a wannan yanayi, da zafin nan da buƙatar shan ruwa, wannan da likitanki za ki yi ta. Na biyu, tsinin da kika yi amfani da shi kada ya shiga kwandon shara. Yaranmu suna tsintar sirinji su yi wasan ruwa da shi, 'yan jari-bola kuma da hannu suke tona bola. In asibiti ba su ba ki akwatin zubarwa ba, ki nemi roba mai kauri mai murfin murɗawa, ki riƙa jefawa ciki, ki ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa, in ta kusa cika ki kai musu su ƙona.

Na san kina so ki ji yadda tawa ta ƙare. An samu ƙwai tara, bakwai nunannu, uku suka zama 'yan tayi masu kyau. Aka dasa ɗaya, aka daskarar da biyu. Aka ce in jira gwajin jini. Ban jira ba, kwana biyar da dashe na sayi abin gwajin fitsari, na ga layi biyu, na yi sujada, na kira Hajiya. Ashe ragowar allurar ƙarshen nan ce, don sinadarin cikinta shi ne dai wanda abin gwajin yake nema, kuma yana iya kai kwana goma ko fiye a jiki. An gaya min, na ji, ban saurara ba. Ranar gwajin jini aka ce bai zauna ba. Tabon allurar bai gama ɓacewa daga cikina ba sai bayan sati guda, kullum in na zo wanka sai na gan shi. Ni na sake kiran Hajiya da bakina na warware abin da na faɗa mata. Don haka ƙanwata, kada ki gwada a gida kafin ranar da aka ba ki.

Biyun nan suna nan a asibiti, muna biyan kuɗin ajiya. Bayan Babbar Sallah in Allah Ya kai mu za mu koma, kuma wannan karon ba sai an sake tayar da ƙwai ba, mahaifa kawai za a shirya. Ku sa mu a addu'a, da ni da mai saƙon nan.

Ke kuma, kafin ranar farawarki ki koma asibitin, ki tafi da mijinki, ki ce wa nas kina so ki yi ta farko a gabanta, da hannunki. Ki karɓi lambar da za a ɗauka ƙarfe sha ɗaya na dare, ki gwada kiranta tun kafin ki bar wurin. Ki turo min saƙo bayan dare na uku in ji yadda ake ciki.

Sati mai zuwa muna sa ran likitar mata za ta shigo shirin, masu tambaya a kan PCOS da gwajin maza ku fara turowa, ba za mu faɗi sunan kowa ba. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum warahmatullah.